Zaɓen Fitilar Silin ta Banɗaki a Tsohon Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya shiga gyaran tsohon gini, irin gidajen ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar ƙarni na 20, idan ya iso banɗaki sai tambayoyin fitila su yi masa yawa. Yana son abin da zai dace da shekarun gidan, ga kuma ruwa da tururi da tsohuwar waya. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi maimaitawa.

Me zai hana in ɗauki duk fitilar da ta burge ni in maƙala a banɗaki?

Ruwa ne zai hana ka. Jikin da ya jiƙe, ƙafa babu takalmi a kan daɓe mai laima, wutar lantarki ta fi samun hanyar ratsa shi, kuma girgizar da mutum zai tsira daga gare ta a falo tana iya kashe shi a banɗaki. Bayan haka akwai tururi. Shi ba ya neman babbar kafa, yana kutsawa cikin fitila, ya huce, ya koma ruwa a kan mazaunin ƙwai da mahaɗar wayoyi. A hankali tsatsa ta ci su, wata rana wuta ta fara tartsatsi.

Saboda haka akwai tsari: a fara sanin inda fitilar za ta zauna, sannan irin kariyar da wurin ke buƙata, sai a zo kan kyau. Masu gyaran tsofaffin gidaje sukan juya tsarin, su sayi fitila don ta yi kama da ta zamanin gidan, daga baya mai wayarin ya ce ba zai sa ta ba.

Mene ne IP da lambobi biyun da ake rubutawa a kwalin fitila?

Ma'auni ne na ƙasa da ƙasa, mai lamba IEC 60529, da ke nuna yadda jikin na'ura ya toshe. Lamba ta farko, daga 0 zuwa 6, ta ƙura ce da abubuwa masu tauri kamar yatsa ko waya. Ta biyu ta ruwa ce, ita ce abin lura a banɗaki. Idan 4 ce, fitilar tana jure fantsamar ruwa daga kowane ɓangare. Idan 5 ce, tana jure feshin ruwa irin na tiyo. Idan 7 ce, za ta iya nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Harafin X yana nufin ba a gwada wannan ɓangaren ba, kamar a IPX4.

A kasuwa biyu ne za ka fi gani: IP44 da IP65. Fitilun ɗaki na yau da kullum yawanci IP20 ne, wato babu kariyar ruwa ko kaɗan. A Amurka da Kanada kuwa an fi rubuta ko fitilar ta wuri mai danshi ce ko ta wuri mai jiƙa, kuma ta biyun ce ake sawa a inda ruwan shawa zai iya kaiwa.

Ta yaya zan san matakin kariyar da wurin fitilata ke buƙata?

Ƙa'idojin wayarin na Birtaniya, BS 7671, da na ƙasashen da ke bin IEC 60364, sun kasa banɗaki shiyya-shiyya. Shiyya ta 0 ita ce cikin bahon wanka ko kwarmin shawa. Abin da zai shiga nan sai mai IPX7 kuma mai ƙaramar wuta da ba ta wuce bolt 12 ba. Shiyya ta 1 ita ce saman bahon ko shawar har zuwa mita 2.25 daga daɓe. Shiyya ta 2 ita ce santimita 60 a gefen ta 1, da tsayi iri ɗaya. A waɗannan biyun mafi ƙarancin abin da aka yarda da shi IPX4 ne, idan kuma ana wanke wurin da feshin ruwa, IPX5. Idan shawar ba ta da kwarmi, ruwa na zuba kai tsaye a daɓe, shiyya ta 1 tana kaiwa mita 1.2 daga bakin shawar.

Ka ɗauki magwaji ka auna da kanka kafin ka je ko'ina. Tsofaffin banɗakuna da yawa ƙanana ne, kuma idan ka auna za ka tarar tsakiyar silin, inda ka yi niyyar sa fitilar, tana dab da gefen baho. Shawarata ita ce IP44 ya zama ƙasan zaɓinka a ko'ina cikin banɗakin, IP65 kuma a saman shawa, ko da ƙa'ida ta yi maka sassauci. Tururi bai san iyakar shiyya ba.

Silin ɗina dogo ne, ya wuce mita 2.25. Ke nan zan iya rataya fitila mai sarƙa?

A nan tsofaffin gidaje suke da wata falala, don da yawansu silin ɗinsu na kaiwa mita 3 ko fiye. Amma ba tsayin silin ake aunawa ba, ƙasan fitilar ake aunawa. Fitilar da ta sauko da santimita 80 daga silin mai mita 3 ta riga ta shigo mita 2.2, kuma idan tana kusa da baho, ta faɗa cikin shiyya. Ka kuma tuna mutum yana tsayawa a cikin baho, yana ɗaga hannu da tawul. Idan zai iya taɓo ta a haka, ba wurinta ba ne.

Ƙa'idar Amurka ta fi tsauri a wannan: ba a yarda da fitila mai rataye ba a cikin tazarar ƙafa 3 daga gefen baho da ƙafa 8 daga saman bakinsa. Hotunan da ake gani na fitila mai ƙyalƙyali tana reto a kan bahon wanka, da yawansu an shirya su ne don ɗaukar hoto. Idan banɗakin babba ne kuma ranka ya kwanta da mai rataye, akwai masu IP44, sai a kafa ta nesa da ruwa. Ka duba amsar da ta shafi nauyi a ƙasa kafin ka yanke shawara.

Wane salon fitila ne ya dace da shekarun gidana?

Da farko ka sani, gidaje da yawa na zamanin Sarauniya Biktoriya ta Birtaniya, 1837 zuwa 1901, ba a gina su da banɗaki a ciki ba. Daga baya aka yanki wani ɗakin kwana aka mayar da shi wurin wanka. Ƙwan lantarki da masu ƙirƙira Swan da Edison suka ƙera bai fito ba sai wajen 1879 zuwa 1880, kuma ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya shiga gidajen talakawa. Kafin nan iskar gas da kyandir da fitilar mai ake kunnawa. Don haka idan kana neman ainihin fitilar silin da banɗakin gidan ya taɓa samu, sau da yawa babu ita. Abin da ake nema shi ne wadda ba za ta yi faɗa da ginin ba.

Ga gidan Biktoriya ko na zamanin Sarki Edward na Bakwai, 1901 zuwa 1910, farin gilashi mai launin madara, zagayayye ko mai siffar kwano, a kan gindin tagulla ko nikel, yana zama daram. Haka ma gilashi mai tsaga-tsaga irin na kamfanin Holophane, wanda ya fito a shekarun 1890 don baza haske. Gidajen shekarun 1920 da 1930 suna son salon Art Deco, wanda sunansa ya samo asali daga baje kolin Paris na 1925: gilashi mai hawa-hawa, layuka miƙaƙƙu, da ƙarfe mai shafin kurom, wanda a ƙarshen shekarun 1920 ya fara ture nikel daga banɗakuna. Idan kuwa gidan na masu son sauƙi ne, irin tunanin makarantar Bauhaus ta Jamus, 1919 zuwa 1933, farin ƙwallon gilashi a kan gindin tangaran ya wadatar.

Abin da na fi gani yana ɓata tsohon banɗaki shi ne yawan ado. Banɗakunan farkon ƙarni na 20 wuraren tsafta ne, farin tayil, farin tangaran, abin da za a goge cikin sauƙi. Fitila mai zane-zane da lu'ulu'u ta falo ce ko a wancan zamanin. Mai sauƙin siffa ita ta fi kusa da gaskiyar gidan, kuma cikin sa'a ita ce ta fi sauƙin toshewa daga tururi.

Na samu tsohuwar fitila ta asali. Zan iya amfani da ita?

A cikin shiyyoyi, a'a. Tsohuwar fitila ba ta da lambar IP, kuma sauya mata waya ba ya ba ta lambar, domin sai an gwada na'ura ake ba ta. Wasu masu gyara sukan sa zoben roba da sabon mazaunin ƙwai, abin ya inganta, amma wannan bai zama shaidar gwaji ba. A wajen shiyyoyi, a babban banɗaki mai iska, mai wayarin zai iya yarda bayan an sauya dukkan wayar cikinta, an haɗa jikin ƙarfen da wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa.

Idan fitilar tana da daraja a wurinka, ka yi mata adalci ka kai ta baranda ko matakala, inda tururi ba zai cinye ta ba. Akwai kamfanoni da ke ƙera sababbi da tsohuwar siffa, da gilashin da aka hura da hannu da gindin tagulla, a ciki kuma akwai zoben roba da shaidar IP44. Daga ƙasa ba kowa zai bambance ba.

Wane ƙarfe ne ke jure danshi?

Tagulla zalla ba ta tsatsa. Tana dai yin duhu, wani lokaci ta yi kore-kore, kuma masu tsofaffin gidaje da yawa wannan tsufan suke so. Wadda aka shafe da man ƙyalli tana daɗewa tana sheƙi, amma idan shafin ya fara ɓarewa sai ta yi dabbare-dabbare. Nikel da kurom a kan tagulla suna da ƙarko. Tangaran da gilashi babu ruwansu da danshi. Abin gudu shi ne baƙin ƙarfe da aka yi wa shafi launin tagulla. Maganaɗisu zai tona shi: idan ya manne, ƙarfe ne a ƙasa.

Me ya sa ake hana ni binne ƙananan fitilu a cikin silin?

Ba haramun ba ne, amma ni ba na so a tsohon silin, kuma ga dalilaina. Silin ɗin da aka yi da siraran katako jere aka yaɓe da filastar farar ƙasa, ƙarfinsa yana wurin filastar da ta kutsa tsakanin katakan ta riƙe ta baya. Kowane rami da aka huda yana yanke katakai, girgizar injin hudawa kuma tana karya waɗannan mariƙan. Ramuka shida na iya jawo tsagewar da za ta kai ga sauke silin ɗin gaba ɗaya, tare da adon gefensa da ba a samun irinsa yanzu sai da wahala.

Sannan ramin hanya ce. Tururi yana bi ta nan ya hau cikin rufi ya jiƙa katako, kuma idan gobara ta tashi, silin mai ramuka ba ya tare ta kamar lafiyayye. Idan dole ne, misali ƙwaya ɗaya a saman shawa, a nemi mai IP65 wadda aka gwada don tare wuta. Ya fi sauƙi idan silin ɗin sabo ne da aka riga aka sauya.

Kafin a huda komai kuma, a bincika asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da aka riƙa sawa a kayan gini. Shafin silin mai gargada da aka riƙa yi har tsakiyar shekarun 1980, da wasu allunan silin, suna iya ƙunsar sa. Birtaniya ba ta hana shi gaba ɗaya ba sai 1999. Ƙurarsa ce ke cutar da huhu. A kai samfuri gwaji tukuna. Tsohon fenti ma yana iya ƙunsar dalma.

Yaya batun tsohuwar wayar gidan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma ba a ganin amsarta sai an sauke tsohuwar fitila. A Birtaniya, layukan fitilu da aka ja kafin 1966 sau da yawa ba su da wayar ƙasa. Fitila mai jikin ƙarfe, irin ta tagullar da muka yaba a sama, tana buƙatar wayar ƙasa, domin idan waya mai wuta ta taɓa jikin, ta nan wutar za ta gudu, na'urar kariya ta katse. Babu ita, jikin fitilar zai ɗauki wuta yana jiran mai taɓawa. Mafita biyu ce: a ja sabuwar waya, ko a sayi fitila mai rufi biyu, wadda alamarta murabba'i ne a cikin murabba'i. Tunda gyara ake yi, ga ma'aikata a gida, jan sabuwar waya shi ne daidai.

Akwai kuma waya mai rigar roba da zane, wadda ke marmashewa da zarar an motsa ta, da kuma tsarin wayoyi biyu a ware a kan mariƙan tangaran da aka yi amfani da shi a Amurka daga shekarun 1880 har zuwa 1940. Wani lokaci ma a tsakiyar silin za a tarar da bututun gas na tsohuwar fitila. Kada a yanke shi sai ƙwararre ya tabbatar babu gas a ciki. Layin banɗaki kuma ya zama yana bayan na'urar RCD mai miliamp 30, wadda ke katse wuta nan take idan ta fara zurara ta inda bai kamata ba.

Haske nawa banɗaki ke buƙata?

Ka daina duban wat, ka dubi lumen, shi ne yawan hasken. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kimanin lumen 800, mai wat 40 kuma 470, mai wat 100 kusan 1,500. Lissafi mai sauƙi shi ne a ba kowace murabba'in mita lumen 200. Banɗaki mai mita 2 da mita 3 zai so wajen 1,200. Ka ƙara a kai idan gilashin mai launin madara ne, don yana shanye wani kaso, haka idan silin dogo ne ko bangon mai duhu ne, irin koren tayil ko katakon da tsofaffin gidaje ke so.

Wane launin haske ne zai dace?

Ana auna shi da Kelbin, alamarsa K. Mai 2700K ɗumi ne da shi kamar tsohon ƙwai, shi ya fi dacewa da tagulla da katako da tsohon tayil. Mai 3000K ya ɗan fi fari, yana kyau da kurom da farin tangaran. Daga 4000K abin ya fara komawa na asibiti, kuma yana kashe tsohon ɗaki. Ka kuma duba CRI, ma'aunin yadda haske ke nuna launi na gaskiya. 90 ko fiye shi ne zai nuna fata yadda take. Dukkan fitilun banɗakin su zama launi ɗaya.

Fitilar sama kaɗai za ta isa a gaban madubi?

Ba za ta isa ba, kuma wannan ne ya sa mutane ke zargin fitilar da ba ta da laifi. Idan ka tsaya a gaban madubi, fitilar tsakiyar silin tana bayanka ko a samanka, sai inuwa ta sauka ƙarƙashin ido da haɓa. Ƙara mata ƙarfi inuwar kawai yake ƙara wa duhu. Maganin shi ne fitilu biyu na bango, dama da hagun madubi, daidai tsayin fuska. Wannan tsarin tsoho ne, banɗakunan shekarun 1920 da 1930 sun san shi, don haka bai saɓa wa gidan ba. Idan ka sa su, za ka iya rage lumen ɗin fitilar sama daga lissafin da ke baya. Su ma a ba su IP44.

Mai LED a haɗe ko mai ƙwan da ake canzawa?

Ga tsohon gida na fi son mai ƙwan da ake canzawa, mai mazauni irin E27 ko B22 ko G9. Fitilar tagulla da gilashi za ta iya shekara da shekaru, abin takaici ne a jefar da ita don wani ɗan abu ya ƙone a ciki. Mai LED a haɗe takan fi siranta, tana da amfani a gajeren silin, amma ka tambaya ko ana samun kayan canjinta.

Abu biyu a kiyaye. Fitilar da aka toshe don ruwa tana riƙe zafi, zafi kuma yana rage ran LED, don haka a nemi ƙwan da aka rubuta ya dace da rufaffiyar fitila, kada kuma a wuce wat ɗin da aka rubuta a jikinta. Na biyu, idan kana son makunni mai rage haske don shiga da dare, ƙwan ya zama mai karɓar ragewa, makunnin kuma na LED ne; in ba haka ba za ka samu ƙyaftawa da ƙara.

Wane girma, kuma yaya za a kafa ta a tsohuwar filasta?

A gajeren silin, mai mannewa. A dogo, wadda ta ɗan sauko da santimita 20 zuwa 30 ta fi kyau, don tana jefa haske sama ma, adon gefen silin ya fito. Faɗin santimita 25 zuwa 35 yana isar yawancin banɗakuna. Ka yanki kwali daidai faɗinta ka ɗaga shi wurin, ka buɗe ƙofa da ƙofar shawa ka ga ko za su buge ta.

Gilashi mai kauri da tagulla suna da nauyi, tsohuwar filasta kuma da ƙyar take ɗauke da kanta. Dole kusoshin su shiga gungumen katakon da ke saman silin, ko a gitta wani katako tsakanin biyu a kafa a jikinsa. Tsohon silin ba ya cika miƙewa sumul, saboda haka a lura gindin fitilar ya zauna sosai, kuma wayar ta shiga ta robar da aka tanada mata. Idan aka huda wani rami dabam a gindin don sauƙin aiki, lambar IP ɗin ta tashi a banza.

Na sa mai IP44 amma ina ganin ɗigon ruwa a cikin gilashin. Me ya faru?

Kashe layin tukuna. Yawanci zoben robar ne ya goce ko aka manta da shi lokacin canza ƙwai, ko kuma iska mai laima na shigowa ta ramin waya daga cikin rufi mai sanyi. IP44 na fantsama ne, ba alkawari ba ne cewa tururi ba zai taɓa shiga ba. Idan madubi yana daɗewa da hazo bayan wanka, ko fumfuna ta fara baƙi a kusurwa, matsalar ta iska ce. Tsofaffin gidaje suna numfashi ta tagogi masu kafa da bututun murhu. Idan gyara ya toshe waɗannan, sai a sa fanka mai zuƙe tururi, bututunta ya fita waje, ba cikin rufi ba.

Zan iya sa ta da kaina, kuma ina buƙatar izini?

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Ingila da Wales, tun 2005 akwai sashe na P na dokokin gini, wanda ya sa wasu ayyukan lantarki na banɗaki, kamar jan sabon layi ko ƙari a kusa da baho da shawa, sai an sanar da hukuma ko ma'aikaci mai rajista ya yi. Idan gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, huda silin na asali ko taɓa adonsa na iya buƙatar izini na daban, kuma a nema kafin aiki.

Ko inda doka ta bar ka, a tsohon gida ka kira mai wayarin da ya saba da irin waɗannan gine-gine. Yana da na'urar gwada ko wayar ƙasa tana aiki da gaske, da ko rigar wayoyin ta fara zubar da wuta, abin da ido ba ya gani. Ka kira shi kafin ka sayi fitilar, ka nuna masa hotonta da takardar bayaninta, sannan idan ya gama ka karɓi takardar gwajin ka ajiye tare da takardun gidan.